Ƙugiyar da Ta Raba Koko da Ƙoƙo



A makon jiya ɗan ƙanwata, wanda ke koyon aikin rubuta manhajar kwamfuta a nan Tamale, ya zo gaishe ni, kwamfutarsa a jaka kamar yadda ya saba. Bayan mun gaisa sai ya buɗe ta yana ƙarasa wani aiki, ni kuwa idona ya kai kan rubutun da ke fuskarta. Haruffan sun yi kama da rubutun hannun ɗan makaranta mai tsabta, suna da laushi da fara'a, saɓanin sandararrun haruffan takardun ofis. Sai dai na lura da wani abu. Kowane sifili an ɗiga masa ɗigo a ciki, ƙaramin l an lanƙwasa masa ƙafa, lamba 1 tana da hula da gindi, babban I kuma an gindaya masa sanda sama da ƙasa. Da na tambayi dalili sai ya ce, "Kawu, rashin wannan ɗigon ya taɓa hana ni barci dare guda cur. Na sa harafin O inda ya kamata sifili ya zauna, manhajar ta ƙi tashi, na yi ta dubawa har aka kira assalatu idona bai ga bambanci ba."

Na ce masa to ya rubuta mini koko. Ya rubuta. Na ce ya rubuta ƙoƙo. Nan fa ya shiga lalube, da ƙyar ya samo harafin. Da ya danna shi kuwa sai ga ƙ ya fito siriri a tsakiyar 'yan'uwansa masu kauri, kamar baƙon da aka ba aron riga, domin kwamfutar ta rasa shi a wannan zubi, ta je ta aro shi daga wani. Wanda ya zana haruffan ya ba sifili haƙƙinsa, ya ba l haƙƙinsa, amma bai san da zaman ƙ a duniya ba.

Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne: irin tsayuwar dakan da masu rubuta manhaja suka yi har aka raba musu sifili da O, ita ce ta wajaba a kanmu game da ɓ da ɗ da ƙ. Kuma mu Hausawan Tamale mun fi Bakano da Basakkwace buƙatar wannan tsayuwa, saboda dalilan da za su zo.

Bari mu fara da su masu kwamfutar. Zubin haruffa shi ne siffar da mai zane ya ba baƙaƙe da lambobi domin su tafi bai ɗaya a takarda ko a fuskar na'ura. Masu rubuta manhaja suna da nasu zubi na musamman, inda kowane harafi ke cin fili daidai da ɗan'uwansa, i siriri da m mai faɗi duk gida ɗaya, domin layuka su jeru kamar kunyoyin gona. Babban abin da suke nema a irin wannan zubi shi ne kada wani harafi ya saje da wani, saboda kwamfuta ba ta san "ai ka gane abin da nake nufi" ba. Mutum yakan karanta jimla ya cike gurbin kuskure da hankalinsa, ita kuwa abin da aka ba ta shi take ɗauka. Matsalar ta girmi kwamfuta ma: tsofaffin tafiretoci da yawa ba su da madannin lamba 1, ƙaramin l ake bugawa a madadinta. Duk wanda ya taɓa duba lambar shasin mota mai gurbi 17 zai ga babu I, babu O, babu Q a cikinta. Da gangan aka cire su, don kada su rikice da 1 da 0.

Daga baya masu wannan sana'a suka gaji da kallon busassun haruffa wuni guda, suka fara marmarin zubi mai kama da rubutun hannu. Comic Sans, wanda Vincent Connare ya zana wa kamfanin Microsoft a 1994, ya zama tushen wasu daga cikinsu, kamar Comic Code da Toshi Omagari ɗan ƙasar Japan ya fitar a 2019. A 2023 kamfanin GitHub ya fitar da wani iyalin zubi mai suna Monaspace, ɗaya daga cikin 'ya'yansa biyar, wato Radon, rubutun hannu yake kwaikwayo. A nan mai zane yake shiga tsaka mai wuya. Hannu yana son gudu, yana son madauki da jela da lanƙwasa, kuma a cikin wannan gudun ne haruffa ke fara kama da juna. Akwai zubin da ake kira Fantasque Sans Mono, wanda k ɗinsa ke da madauki irin na rubutun haɗe, har aka tanadi wani nau'insa marar madaukin ga wanda bai so. Ƙa'idar da suka tsaya a kai ita ce a yi ado iya son rai, amma kada adon ya ci bambanci. Kama da wane dai ba ta wane.

Wannan ƙa'ida mun daɗe da saninta, a makarantar allo muka fara gamuwa da ita. Malaman tarihi sun ruwaito cewa rubutun Larabci na farko ba a cika sa masa ɗigo ba, ta yadda ba da ta da sa da nun da ya duk haƙori ɗaya ne a tsakiyar kalma. Da Musulunci ya yaɗu cikin waɗanda Larabci ba harshensu ba ne, karatu ya fara gurɓata, sai aka daidaita ɗige-ɗige a zamanin Hajjaju ɗan Yusufu, gwamnan Iraƙi, kuma ana danganta aikin ga Nasru ɗan Asimu da Yahaya ɗan Ya'amar. A lura da wanda aka yi wa gyaran. Balaraben da ya tashi cikin harshen yana iya karanta rubutu ba ɗigo, wanda ya shigo daga nesa shi ne ya buƙaci ɗigon. Malaman Hadisi ma suna da babi sukutum a kan kuskuren da suke kira tas-hifi, wato sauyin kalma saboda ɗigo ya goce.

Haka kuma duk wanda ya fara karatu da rubutun Warshu a allo, daga baya ya buɗe Mus'hafin bugun Madina, ya san ruɗanin fa da ƙaf. A rubutun da muka gada, fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun gabas, ɗigo ɗaya a sama fa ne, ƙaf kuwa biyu gare shi. Ɗigo guda ya sauya wuri, harafi ya zama wani. Don haka ne malamanmu suka raɗa wa baƙaƙe sunayen da ke bayyana siffarsu tun ana koyon babbaƙu: ɗa mai hannu, ta kuri, ha kuri, lam jaye, nun ara. Yaro yana rera sunan, idonsa yana koyon inda zai duba.

Da waɗannan malamai suka zo rubuta Hausa da ajami, sai suka tarar da sautukan da Larabci bai tanadar wa gida ba, suka yi dabara. Suka ba ɗ harafin ɗa mai hannu, suka ba ƙ harafin ƙaf, wasalin e kuma suka aro masa ɗigon imala na ƙira'ar Warshu. Ɓ ne ya daɗe yana raɓe a gidan ba, sai wasu marubuta suka riƙa ƙara masa ɗigo. Da irin wannan alƙalami Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya iso Salaga a 1892, ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934, ya bar mana waƙoƙi da tarihi cikin Hausa. A nan Tamale kuma Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya, ya rubuta waƙoƙinsa na wa'azi cikin harshen Dagbani da ajami. Ke nan ƙasar nan ta daɗe da sanin yadda ake lallaɓa harafin aro har ya ɗauki sautin gida.

Boko ma bai zo da ƙugiya a hannu ba. An daɗe ana gwaji. A wasu littattafan farko ɗigo ake sa wa b da d da k a ƙasa. Amma a 1926 an kafa wata cibiya ta nazarin harsuna da al'adun Afirka a birnin Landan, wadda ta fitar da shawarwarin rubutun harsunan Afirka a 1927, kuma a wannan shekarar Farfesa Diedrich Westermann ya zo wannan ƙasa, lokacin ana kiranta Gold Coast, kan batun daidaita rubutun harsunanta. Hujjar cibiyar ita ce ɗigo da ƙananan alamu suna saurin salwanta, mai rubutu da hannu yakan manta da su, a ɗab'i ma sukan gushe, don haka gara a ba kowane sauti cikakken harafinsa. Daga can ne ɛ da ɔ da ŋ da ɣ da ʒ da maƙwabtanmu Dagombawa ke rubutu da su suka fito. Bisa wannan tunani ne kuma ƙugiya ta maye gurbin ɗigo a ɗab'in Hausa cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke jagorantar ofishin fassara da talifi a Zariya, ofishin da ya haifi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. An manna ƙugiya a jikin harafi ne don kada ta faɗi. Abin takaici, yau da hannunmu muke tsinke ta.

Kwamfuta ta taimaka wajen tsinkewar. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurbi 128 kacal ya tanada, kuma babu harafinmu ko ɗaya a ciki. Tun 1991 tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ gurabensu, manya da ƙanana, amma samun gurbi daban, samun mai zana ka daban. Kafin wayoyi su iya nuna su, mutane sun riga sun saba da dabarun wucin gadi: wani ya rubuta 6ata, wani qasa, wani d'a, mafi yawa kuma su bar harafin tsirara.

Yanzu mu dawo gida. Me ya sa na ce mun fi Bakano buƙata? Dalili na farko yana bakinmu. Da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a zangunan Ghana ba sa bambanta k da ƙ, ko d da ɗ, ko b da ɓ a furuci. Wannan ba abin gori ba ne, haka harshe yake yi idan ya zauna shekara da shekaru tsakanin wasu harsuna, kuma Hausarmu tana da zaƙinta. Amma sakamakonsa shi ne yaron Sabonjida ko Aboabo ba zai ji bambancin koko da ƙoƙo a kunne ba. Bakano in ya ga "baki" a rubuce, bakinsa zai gyara masa ya san ko baƙi ake nufi. Ɗanmu ba shi da wannan madogara. In bai ga ƙugiyar a rubuce ba, babu inda zai gan ta.

Dalili na biyu yana makaranta. Hukumar Harsunan Ghana harsuna 11 take ɗawainiya da su, cikinsu akwai Dagbani da Gonja da Dagaare da Kasem, babu Hausa, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Ɗan Kano ko Maraɗi yana iya samun malamin da zai ja masa kunne kan ƙa'idojin rubutu. Ɗanmu malaminsa shi ne Facebook da WhatsApp da katin biki da allon shago. Abin da muka rubuta a waɗannan wurare shi ne littafin karatunsa, ko mun so ko mun ƙi.

Ga misalai kaɗan don a ga girman abin. Daidai da ɗaiɗai: malami ya ce yara su shigo ɗaiɗai, in ƙugiya ta faɗi umarnin ya sauya. Kafa da ƙafa: an kafa makaranta, an taka ƙafa. Kara da ƙara: wanda ya yi maka kara ya mutunta ka, wanda ya kai ka ƙara ya gurfanar da kai. Bari da ɓari: na farko haƙuri ake ba mutum da shi, na biyu jaje ake yi wa mace a kansa. Kasa da ƙasa: ɗaya maciji ne ko gazawa, ɗaya mahaifa. Da da ɗa kuwa kusan babu layin Hausa da ba sa ciki. Ɗan hakin da ka raina, in ji magabata, shi ke tsone maka ido.

Na san akwai masu ja. Wani zai ce ai mahallin magana yana warware komai, babu wanda zai zaci an zuba ƙoƙo a cikin koko. Gaskiya ne, ga wanda ya riga ya ƙoshi da harshen. Amma mahalli ba ya taimakon mai koyo, ba ya taimakon sunan mutum ko na gari da ya tsaya shi kaɗai a takarda, kuma ba ya taimakon na'ura. Manhajojin bincike da na fassara daga rubutunmu suke koyo, Google ma tun 2013 ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa. In mun shayar da su gurɓataccen rubutu, shi za su yi wa jikokinmu amansa.

Wani kuma zai ce ai rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, kuma ana karantawa lafiya, to me ya sa za a ɗaga hankali kan ƙugiya? Wannan hujja a ganina tana goyon bayana ne. Mai karatun Hausa ya riga ya ɗauki kayan cankar kari da tsawo a kansa. Wanda ke ɗauke da buhu biyu ba a ɗora masa na uku don an ga bai faɗi ba. Na uku zai ce wahala ce. Dā can haka ne. Yau kuwa madannin Gboard da ke cikin yawancin wayoyinmu yana da Hausa, shiga saitin harshe kawai ake yi a zaɓe ta. Mu dubi maƙwabtanmu: matasan Dagombawa na garin nan sun tsaya kan haruffansu biyar har Wikipedia ta Dagbani ta tsaya da ƙafarta a 2021. Ba su ce ɣ ya yi wuya a bar shi ba.

Ga 'ya'yanmu masu zane da masu rubuta manhaja, a nan aikin ya zama naku, kuma yana da 'yar sarƙaƙiya da ya kamata ku sani. Ga Bature, kan sandar b da d da k fili ne na banza, yana iya lanƙwasa shi don ado yadda rubutun hannu ke yi. Ga Bahaushe wannan wurin ma'ana ke zaune, duk lanƙwasar da aka yi a can magana ce. Zubin da ya kwantar da kan k don ƙawa ya mayar da kowane koko ƙoƙo. Na biyu, ɓ mai zagayayyen ciki da lanƙwasasshen kai ɗan'uwan lamba 6 ne na jini, kamar yadda O yake ga sifili, don haka sandarsa tana buƙatar ta miƙe sosai kafin ta karya. Na uku, a zubin da kowane harafi ke da gida daidai da na ɗan'uwansa, sandar ɗ tana can jikin bangon dama, ƙugiyarta ma dama take nufa, ba ta da wurin miƙe ƙafa. Sai mai zane ya matsar da cikin harafin hagu, in ba haka ba ƙugiyar za ta zama ɗan tsiro da ke ɓacewa idan rubutu ya ƙanƙance a fuskar waya. Na huɗu, kada a manta da manya, Ɓ da Ɗ da Ƙ, domin da su sunaye irin su Ɗanladi da Ƙaura ke farawa. A kuma tanadi ƴ, tun da 'yan'uwanmu na Nijar da shi suke rubuta abin da Najeriya ke rubutawa da 'y.

Kada a ce kyau da bayani ba sa haɗuwa. Cibiyar SIL ta fitar da zubin ajami mai suna Alkalami a 2017, wanda aka ɗauko daga rubutun hannun marubutan Kano, da kaurinsa da kwarjininsa, aka kuma tanadar masa haruffan da ajamin Hausa ke buƙata. Ita ce kuma ta yi zubin boko mai suna Andika domin masu koyon karatu, wanda aka zana da niyyar kada harafi ya saje da wani, kuma yana ɗauke da haruffanmu da na Dagbani. Duka biyun kyauta ake sauke su. Wanda ya ce babu kayan aiki, bai nema ba ne.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Duk wanda zai kai katin ɗaurin aure ko na suna ko na walimar sauka maɗaba'a, ya nemi a nuna masa gwaji kafin a buga, ya duba ƙugiya da idonsa. Mai maɗaba'a da mai zanen allon shago, kafin su zaɓi zubi mai kwalliya, su rubuta wannan jimla su kalle ta daga nesa: Ɗan baƙo ya buɗe baki ya shanye kokon da ke ƙoƙo bai ɓarar ba. In har sai an matso kafin a rarrabe haruffan, zubin bai dace da Hausa ba, kome kyansa. Malaman Islamiyya da ke rubuta fassara da boko a allo su ja ƙugiyar ta fito sarai, su kuma furta ta yara su ji, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuma masu rubutu a wannan shafi mu fara da kanmu, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Matasanmu da ke jami'ar UDS da jami'ar fasaha ta Tamale kuwa, yawancin irin waɗannan zubi a buɗe ake aikinsu a intanet, kowa yana iya rubuta wa masu su ya ce ga haruffa huɗu da miliyoyin mutane ke buƙata, ko ma ya zana su da kansa ya miƙa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Bajapane ko Ba'amurke ba zai yi mafarkin ƙ ba in ba mu faɗa masa ba.

Kafin ɗan ƙanwar tawa ya tafi, ya ɗauki wayata ya saita mini madannin Hausa, da shi ma nake wannan rubutu. Ya kuma yi alkawarin zai rubuta wa mai zubin nan nasa. Na ce in ya rubuta ya gaya masa cewa a garinmu ana shan koko kowace safiya, kuma tsofaffinmu a ƙoƙo suke sha, muna son jikokinmu su iya rubuta duka biyun. Allah Ya sa mu dace, Ya jiƙan malaman da suka koya mana riƙon alƙalami.